Yaranmu Da Ƙarshen Kalma



A zaman da muka yi bayan an raba sakamakon zangon farko, iyaye da dama sun kawo kuka iri ɗaya: yaransu 'yan aji ɗaya da biyu suna faɗuwa a shifta. Muka ce a kawo littattafan mu gani. Da muka baje su a kan tabarma, sai muka ga kuskuren duk wuri ɗaya yake. Farkon kalma daidai, ƙarshenta ne ke ɓacewa. Malama ta ce "cap", yaro ya rubuta "cat", wani ma ya tsaya a "ca".

Wasunmu suka ce wasa ne ya yi musu yawa, har wani uba ya ce bulala ce maganinsu. Sai wani dattijo cikinmu, tsohon malamin firamare, ya ce mu saurari bakinmu tukuna. Yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa. Ko aro muka yi sai mun liƙa mata wasali: bokiti, burodi, benci, kofi. Yarbancin da yaranmu ke ji a kasuwa da kan titi nan Sabon Ibadan shi ma haka yake. To yaron da kunnensa bai saba jin kalma ta ƙare da baƙi ba, ta yaya zai rubuta abin da bai ji ba? Gaskiya mun ji kunya, don da yawanmu mun riga mun daki yara a kan wannan.

Sai muka ware minti 10 a darasin yamma, ba alli ba biro, kunne kawai. Da Hausa muka fara, domin a nan ma ƙarshen kalma ke riƙe da ma'ana. A ce wa yaro "shiga", a ce masa "shigo". A ce "fita", a ce "fito". Da aka zo kan "sayo" da "sayar", yaran da kansu suka fashe da dariya, don kowa ya san abin da zai faru in an aike shi sayo gawayi ya je ya sayar da na gida.

Daga nan malamin allo ya karɓa. Ya nuna musu ayoyi 4 na Suratul Ikhlasi duk da dal suke ƙarewa, ayoyi 6 na Suratun Nasi kuma da sin. Ashe sun daɗe suna furta baƙin ƙarshe, ba su dai lura ba. Bayan haka ne muka koma Turanci: a faɗi kalmomi biyu, in ƙarshensu ɗaya a tafa, in sun bambanta a yi shiru.

Ba mu ce an gama ba. Har yanzu akwai masu haɗiye "s" ta jam'i. Amma uban da ya ce a kawo bulala, shi ne yanzu ke zuwa da wuri ya shimfiɗa tabarma.

Roƙonmu ga iyaye, musamman mata da suka fi mu zama da yara: in ana tsintar shinkafa ko ana hanyar makaranta, a faɗa wa yaro kalma a hankali, a tambaye shi da wane sauti ta ƙare. In ya kasa, a maimaita, kada a yi masa tsawa.

Allah Ya raya mana su, Ya ba su ilimi mai amfani.

Sakataren Ƙungiya