'Yar wayar da ta zo a jakar hedfon

1/ Masu koyon tuƙin jirgi, ku matso. Filogi ya shiga rami ba shi ne ya yi aiki ba.

2/ Ƙanena da ke karatu a Zariya ya sayo hedfon na hannu. A jakar muka tarar da wata guntuwar waya, gefe ɗaya rami, ɗaya gefen filogi biyu. Shi kansa mai kayan bai san ta mece ce ba.

3/ Filogan biyu na ƙananan jirage ne: mai kaurin, PJ-055, na kunne, siririn, PJ-068, na makirfo. Ramin kuwa na U-174 ne, irin na jirgi mai saukar ungulu. Adafta ce ke nan.

4/ Ga inda gizo ke saƙar. Hedfon ɗin sojojin Amurka ma U-174 gare shi, amma makirfonsa ohm 5 ne, bai dace da rediyon jirgin farar hula ba. Zai shiga tsaf, kana ta magana, hasumiya ba ta jin ka. A sama fa!

5/ Ni dai kafin in biya ko sisi, jikin makirfo nake dubawa. In na ga M-87, na soja ne, wannan 'yar wayar ba za ta iya ba, sai adafta mai daidaita ohm.