Fitila Mai Gargaɗi

Duk wanda ya tashi a Dungu, inda lambu da rijiya suke tafe tare, ya san cewa rami mai zurfi yakan ɓoye iskar da ba ta shaƙuwa. Shi ya sa mai ginar rijiya, in ya yi shakka, yakan zura fitila kafin ya sauka: in ta mutu, ya dakata.

Mahaƙan kwal na Turai sun gamu da abin da ya fi wannan, domin iskar da ke tsatsowa daga jikin kwal kama wuta take yi. A 1812 ramin Felling na Ingila ya fashe, mutum 92 suka hallaka. A 1815 masanin kimiyya Humphry Davy ya kewaye harshen wuta da lallausar ragar waya. Ragar takan sha zafin, wutar ba ta tsallakewa ta kunna iskar waje. Da muguwar iska ta yawaita, sai harshen ya yi tsawo da shuɗin kai; da iskar numfashi ta yi ƙaranci, sai ya dushe. Haskenta kaɗan ne, amma gargaɗinta ya fansi rayuka. Duk da haka ba ta kawar da ajali ba: a Courrières ta Faransa, a 1906, mutum 1,099 suka rasu.

Faransa ta rufe raminta na ƙarshe a 2004. Kwal ɗin Nijar kuwa, na Anu-Araren da ke ƙasar Agadas, a buɗaɗɗen fili ake haƙarsa, don haka wannan fitila ba ta zama ƴar gida ba. Yau ta koma kayan tarihi a Turai. Gidan tarihin mahaƙa na Lewarde yana adana irinta, masu sha'awa kuma suna saye, suna goge tagullar, suna jerawa a falo. Sai dai masana ba ƙyalli suke fara dubawa ba, lambar da aka buga a jikinta suke nema. Kowane mahaƙi da lambarsa. In dare ya yi gurbin wata fitila yana wayam, an san wane ne bai fito ba.

A nan darasin yake ga malamai da ƙungiyoyin al'adu. Tocila da fitilar sola sun ture aci-balbal da fitilar ƙwai zuwa bayan rumbu, masu sayen tsohon ƙarfe suna kwashewa. Alhali a haskensu aka karɓi haihuwa, aka yi tilawa, ƴan makaranta suka yi bitar jarrabawa. Ya kamata a tattara su tun masu su suna raye, a rubuta sunan mai kowace da aikin da ta yi masa. In aka makara, za a sami ƙarfen, amma babu mai ba da labarinsa.