Wa Ke Duba Aikin Mai Duba Marasa Lafiya?

A bangon ɗakin da nake ganin marasa lafiya, a wani ƙaramin asibitin karkara a ƙasar Maiyama, akwai takardun shaida guda bakwai da na sa aka yi wa gilashi na rataye. Shida daga ciki na tarukan bita ne da kowane ma'aikacin lafiya ya sani: rigakafi, zazzaɓin cizon sauro, tamowa da makamantansu. Ta bakwai ita ce wadda na fi taƙama da ita a da, domin ita ke cewa an horar da ni kan kula da masu larurar ƙwaƙwalwa da masu shaye-shaye. Kwana uku muka yi a wani otal a farkon shekarar 2019. An ciyar da mu, an ba mu jaka da biro da alawus, aka ɗauki hoto, muka watse. Tun daga ranar mutanen gari suka ƙara mini suna, wai likitan masu ƙwaya, ni kuwa na amsa ba tare da na ji nauyi ba.

Lokacin kowa a firgice yake. A ƙarshen watan Afrilun 2018 BBC ta nuna binciken da ta yi kan maganin tari mai kodin, washegari gwamnatin tarayya ta haramta haɗa shi da shigo da shi. A watan Janairun 2019 kuma ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar da rahoton da ya ce mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Mu da muke zaune tsakanin Jega da Aliero da Maiyama ba mu buƙatar a kawo mana lissafi daga Abuja. Muna ganin 'yan ƙwadagon fadamun albasa da 'yan dakon kasuwar Jega da 'yan kabu-kabu, mun kuma san abin da wasunsu ke haɗawa da kokon safe.

Watanni kaɗan bayan na dawo daga bitar, wani dattijo ya kawo mini ɗansa, saurayi ɗan kimanin shekara 22 da ke lodin buhunan albasa a Jega. Ya faɗi a bakin mota yana jijjiga, kumfa na fita a bakinsa. A gida an yanke cewa iska ce, an yi hayaƙi an yi tofi, abin ya sake dawowa. Da na keɓe shi na tambaye shi, sai ya ce yana shan tiramadol mai lamba 225, guda huɗu ko biyar a yini. Wanda asibiti ke bayarwa don ciwo mai lamba 50 ne ko 100, kuma idan ƙwayar ta yi yawa a jiki tana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Wannan kam na koya a bitar, kuma na ji daɗin kaina da na gano shi.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan rubutu. Na zaunar da yaron na yi masa wa'azi kusan minti arba'in. Na ambaci hanta da ƙoda, na ambaci furfurar mahaifinsa da mutuncin gidansu, na sa ya rantse ya bari daga ranar. Kansa na sunkuye, abin da kawai yake cewa shi ne, "To, likita." Ya kuwa cika alkawari, ya bari a rana ɗaya. Ban gaya masa abin da zai same shi ba, domin ni ma a takarda kawai na san shi: ciwon gaɓɓai, zawo, gumi, hamma da hawaye, rashin barci, da wata fargaba da ba ta da dalili. A kwana na huɗu ya koma ruwa. Aka sake kawo shi, na sake wa'azi, na ƙara zafi. A zuwa na uku mahaifin ya ce, "Likita, wanga yaro ya gagare ni." Ni kuma, cikin gajiya da jin haushi, na ce, "Baba, gaskiya shi ne ba ya son ya warke."

A wurina magana ce ta ɓacin rai. A wurin dattijon hukuncin likita ne. Cikin mako guda ya kai shi wani gidan mari a nesa. A ƙarshen wannan shekarar ne 'yan sanda suka buɗe irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da Daura, duniya ta ga ɗaruruwan mutane da sarƙa a ƙafa. Ina kallon hotunan a waya ina neman fuskarsa. Bayan wata takwas ya dawo da tabo a idon sawunsa biyu, bai yi wata guda ba ya koma wa ƙwayar. Idan ya hango ni a kasuwa sai ya sauya hanya.

Ba ni da wanda zan kai wa wannan labari. Wanda ya koyar da mu a otal ya koma inda ya fito. Asibitin ƙwararru da muka saba tura mutane shi ne na gwamnatin tarayya da ke Kware, kuma daga Maiyama sai ka bi ta Jega da Aliero da Tambuwal da Shagari da Boɗinga, ka ratsa Sakkwato kafin ka isa. Ga talakan da ke cin abin da ya samo a yini, wannan tafiya ce ta sayar da akuya. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa, ƙungiyarsu ta sha faɗin cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Saboda haka marasa lafiyar nan a hannun irinmu suke, ko mun iya ko ba mu iya ba. Tun 1991 manufar lafiya ta ƙasa ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin aikin ƙananan asibitoci.

A 2022 ɗan yayata ya faɗi a babur ya karye a ƙauri. Na ce a kai shi babban asibiti, yayata ta ce Aliero, kuma kowa ya san wanda ke cin nasara a irin wannan gardama. Aliero ta yi suna da ɗori kamar yadda ta yi suna da albasa, har daga wasu jihohi da maƙwabtan ƙasashe ake kawo masu karaya. Ina da ƙorafina a kan ɗorin gida, kuma ban janye shi ba: na taɓa ganin ƙafar da ta ruɓe saboda an matse ta fiye da kima, kuma karayar da ƙashi ya huda fata wurinta asibiti. Na bi su ne da niyyar in sa ido.

Wanda ya yi ɗorin magidanci ne mai kimanin shekara arba'in, har furfura ta fara tsiro masa a gemu. Ya ja ƙafar, ya daidaita, ya jera kara, ya naɗe da tsumma, hannunsa bai yi ko gezau ba. Da ya gama sai ya ja da baya ya durƙusa. Wani tsoho da ke kishingiɗe a gefe, wanda na ɗauka ɗan jinya ne, ya matso ya bi ɗorin da yatsunsa, ya taɓa yatsun ƙafar yaron ya ji ɗuminsu. Bai ce an yi daidai ko an yi kuskure ba. Tambaya ya yi: "Mi ka ji ƙarƙashin hannunka sa'ad da ka ja?" Magidancin ya bayyana. Tsohon ya ce a sassauta ɗauri na biyu, a kuma kwance bayan kwana uku a sake dubawa. Na tambayi magidancin shekararsa nawa a sana'ar, ya ce tun yana yaro mai miƙo kara. Na ce, kuma har yau ana duba aikinka? Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta.

Tsohon ya ji an kira ni likita, ya tambayi irin aikina. Na gaya masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Mu ƙashi muke ɗorawa, muna jin shi da hannu. Kai naka ba ya taɓuwa. To wa ke duba maka in ka gama?" Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, na ce muna zuwa bita.

Daga baya na karanta cewa masana sun riga sun gwada wannan tambaya ta tsohon. William Miller, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, shi ne ya fito da hanyar tattaunawa da mai shaye-shaye wadda ake jan hankalinsa ya faɗi dalilin barin da bakinsa, maimakon a yi masa huɗuba. A 2004 shi da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin da suka yi da ma'aikata 140. Duk wanda ya halarci bitar kwana biyu ya fito da ƙwarewar da ta ƙaru, amma bayan wata huɗu waɗanda aka bari da bitar kaɗai sun fara komawa tsohon halinsu. Waɗanda aka ci gaba da sauraron aikinsu ana yi musu gyara, su ne ƙwarewar ta zauna musu. A Zimbabuwe kuma, likita Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata sauraron masu ciwon damuwa a kan benci a harabar asibitocin Harare, abin ya yi nasarar da aka buga a mujallun likitanci a 2016. Mutane sun fi son labarin kakanni da benci, suna mantawa cewa akwai masu sa ido da matan ke kai wa abin da ya fi ƙarfinsu. Ko littafin jagora da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010 don irinmu da ba ƙwararru ba, an tsara shi ne bisa sharaɗin cewa bayan horo akwai bibiya. Mu dai mukan ɗauki rabin farko, domin shi ne ke da hoto da alawus.

Na yi ta cigiya har aka haɗa ni da wata Hajiya a Jega, ma'aikaciyar jinyar ƙwaƙwalwa da ta yi ritaya bayan shekaru masu yawa a wannan fanni. Na roƙe ta, ta yarda bisa sharaɗi biyu: ba a ambatar sunan marar lafiya ko garinsu a gidanta, kuma ba ta son labarin nasara, kowa ya zo da wanda ya gagare shi. Mu huɗu ne, maza biyu mata biyu, muna haɗuwa duk bayan mako biyu a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gidanta.

A zaman farko na ba da labarin yaron nan. Ta ce, "Malam, ni ce shi. Yi mini yadda ka yi masa." Ta ajiye kwano a gabanta, duk lokacin da na ba da umarni ko na yi gargaɗi sai ta jefa tsakuwa ciki. Cikin minti goma tsakuwa ta kai 19, kuma tambaya ɗaya tak na yi. Ta ce, "Ka tambaye shi abin da ƙwayar ke yi masa na alheri?" Na ce, Hajiya, wane alheri? Ta ce, "Da ba ta yi masa komai da bai ba da kuɗin guminsa ba. Buhun albasa nawa yake ɗauka da ita, nawa yake ɗauka babu ita? Wa yake ciyarwa? Ka ce ya ajiye sandar da yake dogarawa, ba ka tambayi abin da ke damun ƙafarsa ba."

A wurinta na koyi cewa irin wannan ƙwaya a hankali ake rage ta, ana gaya wa mutum tun farko wahalar da zai sha da kwanakin da za ta ɗauka. Na koyi cewa komawa ruwa wani ɓangare ne na ciwon, domin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na masu jinyar shaye-shaye sukan koma, kusan daidai da masu hawan jini da ke sakin magani, kuma ba mu taɓa cewa mai hawan jini ba ya son ya warke ba. Na koyi inda iyakata take: wanda ke jin muryoyi, ko yake maganar kashe kansa, ko jijjiga ta ƙi tsayawa, wannan ko da sayar da akuya sai an kai shi ga ƙwararru. Akwai kuma abin da ban zata ba. Wata rana ɗaya daga cikin abokan aikinmu mata ta fara bayanin wata mai jego da hankalinta ya gushe bayan haihuwa, sai kuka ya ƙwace mata. Ashe wata biyu ba ta barci sosai saboda matar. Hajiya ta bar ta ta yi kukanta, ranar ba mu duba aikin kowa ba.

A watan Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi haƙƙoƙin masu wannan larura. Na yi murna, amma doka ba ta zama tare da ni a ɗakin duba marasa lafiya. Abin da nake roƙon masu iko da harkar lafiya a Jihar Kebbi ba mai tsada ba ne. Muna da kwalejin kimiyyar lafiya a Jega, muna da jami'a a Aliero, duk da ɗakunan zama. Kuɗin otal na bita guda zai biya kuɗin motar ƙwararre ɗaya ya riƙa zuwa duk wata har shekara, ya zauna da ma'aikatan ƙananan hukumomin nan uku su baje masa abin da ya gagare su, ya kuma ɗauki wayarsu tsakanin zama da zama. Kuma tunda ana neman shaidar ƙarin ilimi kafin a sabunta mana lasisi, a riƙa lissafa irin wannan zama a ciki.

A ranin da ya wuce yaron nan ya shigo asibitinmu, igiya ta yanke shi a tafin hannu, kuma ni kaɗai ke bakin aiki. Na wanke ciwon na ɗinke, ban ce komai ba sai da na zo naɗe bandeji. Na ce masa maganar da na gaya wa mahaifinsa kuskure ce, ya yafe mini. Bai amsa ba. Na tambaye shi buhu nawa yake lodi yanzu a ranar kasuwa. Ya faɗa, ya ƙara da cewa ya yi aure, matar na da ciki, kuma bayansa na ciwo tun daga asuba. Mun yi kusan rabin awa, yawanci shi ke magana. Bai rantse ba, ni ma ban nema ba.

Yanzu ya sauko daga guda biyar zuwa biyu. Ya zo sau huɗu, ya tsallake sau biyu, kuma wancan makon matarsa ta aiko cewa ya ƙara ɗaya. Asabar mai zuwa zan kai wa Hajiya maganar, in ji ko na yi saurin ragewa ne. Ƙafafunta sun fara kumbura, zaman da ya wuce a kan gado ta karɓe mu, kwanon tsakuwar na gefen matashinta.