Akwatin Mai Hoto a Kasuwar Bagudo

Har yau in hancina ya ɗauko wani wari mai tsami-tsami, sai in gan ni a gindin dogonyaro a bakin kasuwar Bagudo, ina riƙe da gefen rigar Baba. Ƙamshin bandar kifin Kwara na tasowa ta nan, na man shanun Fulani ta can, amma warin ruwan maganin mai hoto ya fita daban. Lokacin ba a daɗe da fara kashe naira da kwabo ba, tsofaffi ba su daina lissafi da sule ba, ƙasar da ke bayan Tsamiya da Lolo kuwa Dahomey muke ce mata, don sai a 1975 ta koma Benin. Daga can mutumin yake ƙetarowa a kan keke, akwatinsa ɗaure a baya da igiyar roba. Mai Akwati kawai muke kiransa.

Akwatin nan kafinta ne ya haɗa shi, kana ganin kawunan ƙusoshi. Katako ne, an shafe cikinsa da baƙin fenti, an toshe duk wata kafa don kada haske ya sato hanya. A gaba akwai ido guda na gilashi, shi kaɗai ne abin da ya zo daga Turai. A gefe an ɗinka hannun tsohuwar baƙar riga, ta nan yake zura hannunsa ciki. Wata rana ya bar ni na leƙa. Na ga faranti biyu na ruwan magani, da ɗan kwalin takardun hoto, da wani gilashi mai hazo da ake turawa gaba a ja shi baya da sanda. A kan gilashin nan na ga kasuwarmu kaf ta kife, jakuna suna tafiya ƙafafu a sama. Na daɗe ban sake ganin abin da ya sa gabana ya faɗi haka ba.

Ranar da Baba ya ce a ɗauke mu tare, ya sa babbar rigarsa mai aska takwas, ni kuma aka goge mini fuska da mai har ina ƙyalli. Mai Akwati ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, ya daidaita, ya fito ya ce, "Malam, kada ka motsa. Yaro, riƙe numfashi." Babu abin dannawa. Murfin idon yake cirewa da hannu, ya ƙirga da Faransanci a hankali, ya mayar. A cikin ƙirgar nan ƙuda ya sauka a hancin Baba, Baba ko ƙifta ido bai yi ba.

Abin da ke fara fitowa dodon hoto ne, baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi. Na tuna wani dattijon Bafulatani daga wajen Kaoje da ya hango nasa a cikin bokiti, fuska fara fat, gemu baƙi ƙirin. Ya ce, "Wanga ba ni ba ne, Bature ka ɗauka!" Sai da aka ba shi baki ya zauna. Mai Akwati ya manna jiƙaƙƙen dodon a ɗan allo gaban idon, ya sake ɗauka, ya wanke, sai ga dattijo ya dawo da kamanninsa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya kwance bakin zaninsa na kafaɗa ya biya.

Sai da na girma na san akwatin nan yana da manyan dangi. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagon hoto a Bamako a 1948, da fim mai santimita 13 da 18 yake aiki, shi ya sa a hotunansa kake iya bin zaren leshi ɗaya bayan ɗaya. Sirrin yana wajen faɗin fim. Na ƙaramar kyamara milimita 24 ne da 36, dole a hura shi kafin ya zama hoto, hurawar kuma tana cinye kyansa. A Amurka, Clifford Ross ya ƙera kyamarar da ya kira R1, mai cin fim na inci 9 da 18, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙasa da shi daga jirgin sama, faɗinsa ya ninka na ƙaramar fiye da sau 100. Amma ginin bai canja ba: ɗaki mai duhu, ido a gaba, fim a baya, ƙafafu masu ƙarfi, da mutum mai haƙuri. Wasu suna sa zugazugi a tsakani, inda namu ya sa sanda.

Kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, hoton kala ya riga ya ci kasuwa, Mai Akwati ya daina zuwa. Jikata tana ɗaukata sau goma da wayarta kafin in gyara hula, kuma ina jin daɗin hotunan. Namu na ranar nan guda ne, ya yi ja-ja, yana cikin jakar fata tare da takardun gona. Jiya na fito da shi, ta kai shi kusa da fitila, ta sa farce tana son ta kankare wani ɗan ɗigo a hancin Baba. Na riƙe hannunta na ce, "Bar shi, uwata, ƙuda ne."