Manhajar da ta girme mu

A aji an koya mana rubuta sabuwar manhaja, ba a cika koya mana karanta tsohuwa ba. Alhali yawancin injinan da ake neman abinci da su a Daura 'yan gwanjo ne, wasu sun girme ni.

Kawuna na da injin yanka sitika, irin wadda ake manna wa Keke Napep da allunan shaguna. Injin ba ya jin USB, sai tsohuwar kafar siriyal mai fil tara. Da kwamfutarsa mai Windows XP ta mutu gab da Babbar Sallah, aiki ya tsaya cak, yaran shago biyu suka koma zaman jira. Ya ce min, "Kai da ake biya wa kuɗin makaranta, ba abin da za ka iya ne?"

Na sayi wayar da ke haɗa USB da siriyal, na nemo C-Kermit. An fara Kermit a Jami'ar Columbia da ke Amurka a 1981, don tura fayil ta layin tarho mai yawan katsewa, kuma sunan wani kwaɗo ne na wasan yara a talabijin. A 2011 jami'ar ta saki hannu, ta bar kod ɗin ga kowa. Sigar shekarar, 9.0.302, ita na ɗora a laftof ɗina mai Linux.

Kwamfaila ta ƙi. Ta tsaya a fayil ɗin ckucmd.c tana cewa ba ta san wani abu wai shi _cnt ba. Dare biyu na yi, ina lallaɓa batir saboda wuta, kafin na gane zancen. Kermit na leƙa cikin hanjin laburaren C don ya ga ko an danna wani harafi, shi kuwa glibc tun siga ta 2.28 a 2018 ya ɗauke alamar da Kermit ke gane shi da ita. Gyaran bai kai layi biyar ba. Sai GCC 14 ta zo da nata: abin da a da gargaɗi ne kawai, kamar kiran aikin da ba a gabatar da shi ba, yanzu laifi ne. Na ce mata ta bi dokar 1989 da -std=gnu89, ta haƙura.

Wani ɗan ajinmu ya ce ɓata lokaci ne, ai akwai sabuwar siga a shirye. Gaskiyarsa, akwai. Amma ranar da aka kawo injin awo daga wani asibiti, ko na'urar wata eriyar waya a hanyar Kongolam, da manhajar da ba wanda ya sake taɓawa, wa zai shirya mana ita?

Na saita gudu a 9600, na tura zanen da umarnin transmit. Wuƙar ta motsa, ta yanko "Allah Ya Kiyaye" cikin jan launi.