GIDAN DA HASKE KE SHIGA TA SAMA

A birnin Landan na ƙasar Ingila, a dandalin Lincoln's Inn Fields, akwai wani gida mai lamba 13. Mai shi, John Soane, babban mai tsara gine-gine ne, shi ya tsara ginin Bankin Ingila. An haife shi a 1753, ya rasu a 1837.

Soane ya cika gidan nan da zane-zane da gumaka na dutse da kayan tarihi, tun daga ƙasa har rufi. Amma fa gidan yana manne da na maƙwabta, babu wurin taga a gefe, ga hazo da hayaƙin gawayi sun rufe garin, ga shi lokacin babu lantarki. Kayan ado kuwa in babu haske, daidai suke da babu.

Sai ya huda rufin, ya sa tagogin gilas a sama, haske na gangarowa ta bango a hankali, ba ya kashe ido. Wasu gilasan rawaya ne, don ɗaki ya yi kamar ranar Italiya. A ɗakin karin kumallo ya jera ƙananan madubai masu tudu, suna karɓar haske suna watsa shi lungu-lungu.

Sai dai hasken da ke nuna zane, shi ne kuma ke cinye launinsa, kamar yadda rana ke koɗar da atamfa. Ɗakin zane ƙarami ne, amma yana ɗauke da zane sama da 100, saboda bangonsa yana buɗewa kamar ƙyaure. Zanen da ke bayan ƙyauren suna zaune cikin duhu, sai baƙo ya zo a buɗe.

A 1824 ya sayi akwatin gawa na dutse na Fir'auna Seti na 1 daga Masar, a kan fam 2,000. A 1825 ya yi walima dare 3, aka kunna fitilu da kyandir sama da 100 don baƙi su gan shi.

Dokar da majalisa ta yi a 1833 ta ce a bar gidan yadda mai shi ya bar shi. Yanzu gidan tarihi ne, shiga kyauta. Darasinsa ga mai ƙawata ɗaki shi ne: haske ya zo daga sama, ya zo da sauƙi, kuma kada rana ta zauna kan abin da ake so ya daɗe.