Mu Zaga Kasuwar 'Yankaba

'Yar'uwata, in Allah ya kai ki Kano, ki roƙi maigida ko wani yayanki ya raka ki Kasuwar 'Yankaba da ke kan hanyar Haɗeja. Ki yi sammako, domin kasuwar kayan gwari ba ta jiran rana ta take.

Tun daga bakin ƙofa za ki ga motoci suna sauke kwandunan tumatir da attaruhu da tattasai da albasa. Da yawa daga Kura da Kadawa suke fitowa, inda ake noman rani da ruwan madatsar Tiga wadda aka gama a 1974. Lokacin sanyi kaya sukan yi yawa, har mai tumatir ya riƙa kiranki, "Hajiya, zo ki taya!" Amma ki komo da damina ki ji abin mamaki: kashin da kika raina a Janairu ya zama na masu hali. Dalili kuwa, tumatir ba ya ajiyuwa. Kwana kaɗan ya ruɓe, kuma wanda ya ruɓe a hanya, ke mai saye ke za ki biya shi, tare da kuɗin mota da ya hau tun da aka janye tallafin fetur a 2023.

To, da kin fito ki dubi teburorin bakin titi. Ga biskit, ga alewa, ga Indomie, ga lemon kwalba. Waɗannan ba su san damina ba, ba su san rani ba, sai su yi watanni ba su lalace ba. An kuma ƙulla su ƙanana ƙanana, daidai kuɗin tara na ɗan makaranta. Taliyar nan minti kaɗan ta nuna, wake kuwa sai ya ci gawayi. Saboda haka ni ba na zargin uwar da ta gaji ta miƙa wa yaro leda. Sai dai fulawa ce da mai da gishiri, awa biyu ya dawo yana kukan yunwa, a sake saye. Lemo kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2015 kada sukarin babba ya wuce kamar ƙaramin cokali 12 a yini, ga shi babbar roba ɗaya ta cinye fiye da rabi. Ku 'yan makaranta da ke gani wayewa ce riƙe ta, ku lissafa.

Abin da ke da tsada da gaske shi ne nama da kifi da ƙwai da madara. Amma wa ya ce lafiya a nan kaɗai take? Ki koma ciki wajen masu busassun kaya: kuka, kuɓewa, daddawa, kauɗar tumatir. Ki haɗa da wake da gyaɗa. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ya fi biskit riƙe ciki nesa ba kusa ba, ɗanwake kuwa yakan kai yaro har azahar.

In kin zo cikin sanyi, ki haɗa kuɗi da maƙwabta biyu ko uku ku ɗauki kwando guda ku raba. Ki yanka, ki shanya a kan tabarma mai tsabta inda kaji ba su kaiwa, sa'an nan ki ɗure a tulu ki toshe bakinsa. Kada ki manta da kuɗin ɗan dako, kwandon yana da nauyi.